Gajiyar Ma'aikaci, Laifin Wa?

Akwai wata tambaya da ta kamata duk mai cin abinci da guminsa ya yi wa kansa, haka kuma duk wanda aka ɗora bisa waɗansu. Ga mutum an ɗauke shi aiki yana ɗoki, shi ke riga kowa zuwa, shi ke ƙarshen tashi, in an ba shi aikin yini ya gama kafin azahar ya nemi wani. Bayan shekara uku ko huɗu sai ka tarar da shi ya zama wani mutum dabam. Ya zo a makare, ya zauna yana duban agogo, in talaka ya zo da buƙata ya daka masa tsawa. Bai kwanta ciwo ba, ba a rage masa albashi ba, tsufa kuwa bai kama shi ba. To, me ya same shi? In kuwa akwai laifi, na wane ne, nasa ko na wanda ke shugabancinsa?

Yawancin mutane ba su wahalar da kansu wajen amsa wannan. Sai su ce ai ɗokin sabon abu ne ya sake shi, halinsa na gaskiya ya fito. Shugabanni sun fi kowa son wannan amsa, domin ta wanke su sarai. Amma ruwa ba ya tsami banza. In muka bi maganar a hankali za mu ga mafi yawan wannan laifi yana wuyan wanda ya tsara aikin, ya kuma riƙe ma'aikacin. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, gama za mu ga har ran mutum yana ciki.

Da fari sai mu rarrabe abubuwa uku da akan cuɗa su wuri guda. Na ɗaya gajiyar jiki. Manomi ya yini yana huɗa, lebura ya yini yana ɗaukar buhu, da magariba gaɓoɓinsu duk sun yi tsami. Wannan maganinta sananne ne, tuwo da barci. Da safe mutum ya tashi garau, sau da yawa ma da farin ciki, don ya ga abin da hannunsa ya yi. Na biyu ragwanci. Raggo bai taɓa son aikin ba tun farko, ko an kyautata masa ko an ƙuntata masa duk ɗaya ne a wurinsa. Na uku shi ne wanda muke magana a kai, bari mu kira shi gajiyar rai. Mai ita ya kwana ya tashi a gajiye. Ya yi hutun sati biyu, ran da zai koma ya ji gabansa yana faɗuwa. Abin mamaki kuma shi ne ba ta cika kama raggo ba, gama raggo ba ya ba da abin da zai ƙare. Ta fi kama mai himma.

Wani likitan tunani a birnin Niyok na Amurka, mai suna Herbert Freudenberger, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan hali a rubuce, cikin 1974. Yana aiki a wani ɗakin magani na kyauta inda ake taimakon masu shan ƙwaya, tare da samari da 'yan mata masu aikin sa kai. Ya lura waɗanda suka fi kowa ba da kansu ga aikin su ne ke fara dusashewa, su zama masu saurin fushi, masu zargin kowa. Sunan da ya ba abin da Turanci ma'anarsa ita ce cinyewar wuta, watau kamar fitilar da ta shanye manta, lagwani ya ƙone, sai hayaƙi. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali cikin babban littafinta na jerin cututtuka. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka sosai ba, ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a yi maganinsa ba. Ta ba da alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa raina shi, da raguwar ƙwarewa. Ka lura da kyau, ya mai karatu, hukumar ta jingina abin ga wurin aiki, ba ta jingina shi ga mugun halin ma'aikaci ba.

Ba shakka yawan aiki yana cikin dalilai. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da yarjejeniyarta ta farko a kan kada aikin masana'antu ya wuce awa 8 a yini, awa 48 a mako. Cikin 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da ƙiyasin cewa mutum 745,000 suka mutu cikin 2016 da ciwon zuciya da shanyewar jiki, saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Wannan a fili yake, ba ya bukatar dogon bayani, ko jaki in an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa zai durƙushe. Amma da a ce yawan aiki ne kaɗai, da manyan shugabanni su za su fi kowa mutuwa da wuri, tun da su ke kwana da tunanin ma'aikata duka. Haka ma mutane suka daɗe suna zato, har aka yi wani bincike a Ingila wanda ya juyar da wannan zato.

A birnin Landan akwai wata unguwa da ake kira Whitehall, inda manyan ofisoshin gwamnatin Ingila suke. Cikin 1967 likitoci suka fara auna lafiyar ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000, masu shekara 40 zuwa 64, suka riƙa bin labarinsu shekara da shekaru. Aikin gwamnatin Ingila kuwa hawa hawa ne, kamar yadda muka gāda a nan: manyan jami'ai a sama, sai masu bi musu, sai akawuna, sai masinjoji da masu tsaron ƙofa a ƙasa. Da aka yi lissafi bayan shekara 10, sai aka ga waɗanda ke hawan ƙasa suna mutuwa kusan sau uku fiye da waɗanda ke hawan sama. Abin da ya fi ba likitocin mamaki shi ne abin ya bi hawa hawa daidai. Na biyu sun fi na ɗaya mutuwa, na uku sun fi na biyu, na huɗu sun fi na uku.

Dubi wannan da kyau. Mutanen nan duka suna da aiki tabbatacce da albashi a ƙarshen wata. Ba mai haƙar kwal a cikinsu, ba mai ɗaukar buhu. Ba kuwa rashin kuɗin ganin likita ba ne, domin tun 1948 Ingila ta kafa tsarin da kowa ke ganin likita ba tare da biya ba. Aka ce to, wataƙila ƙananan ma'aikata sun fi shan taba, ko sun fi hawan jini. Aka auna wannan, aka ga gaskiya ne sun fi shan taba, amma da aka haɗa taba da hawan jini da sauran irinsu duka, ba su bayyana ko rabin bambancin ba. Saura fa?

Don neman sauran aka sake wani bincike cikin 1985, a ƙarƙashin wani likita mai suna Michael Marmot, da ma'aikata 10,308, maza da mata. Wannan karon aka tambaye su yadda aikinsu yake. Kana da ta cewa game da yadda za ka yi aikinka? Kai ke zaɓen abin da za ka fara da abin da za ka jinkirta? Ana shawara da kai? Cikin 1997 aka bayyana abin da aka samu: waɗanda ba su da iko kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, wannan rashin iko kuwa ya bayyana babban rabo na bambancin da ke tsakanin manya da ƙanana. Cikin 2005 aka ƙara fitar da wani abu daga wannan bincike. Mazan da suka ce shugabanninsu suna yi musu adalci, watau suna sauraronsu, suna gaya musu abin da ake ciki, suna yaba musu in sun kyauta, haɗarin ciwon zuciya a gare su ya yi ƙasa da na sauran da wajen kashi 30 cikin 100.

Ashe babban jami'i, ko da yake aikinsa da yawa, shi ke riƙe da linzamin kansa. Masinja kuwa da akawu ƙarami, nasu linzami yana hannun wani. Nauyin kaya yana gajiyar da mutum, amma ɗaukar kaya ba tare da sanin inda za a kai shi ba, ko yaushe za a sauke, ko don me aka ɗauko, wannan ya fi ci masa rai.

Kakanninmu ba su da littafin lissafi irin na mutanen Landan, amma sun gane wannan a gona. Inda ake gandu, 'ya'ya da ƙanne suna noma gonar gandu tun da safe har wajen azahar, maigida kuwa ya ciyar da su, ya yi musu aure, a da har da biya musu haraji. Sa'an nan yamma tasu ce, kowa ya nufi gayaunarsa. Duk wanda ya zauna ƙauye ya ga wannan abin al'ajabi: saurayin da ke jan ƙafa da hantsi a gonar gandu, da la'asar sai ka gan shi a gayaunarsa yana sara kamar bai taɓa fartanya ba tun safe. Hannun ɗaya ne, fartanyar ɗaya ce, ƙasar ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne nan shi ya zaɓi abin da zai shuka, shi zai girbe, shi za a yaba wa in ta yi kyau. Maigida mai hankali bai taɓa ganin gayauna hasara ce ga gandu ba. Ya san ita ke riƙe masa 'ya'ya. Wanda ya hana ta, ko ya cinye yammar yaransa, shi ne gandunsa ke saurin watsewa.

Yanzu ɗauki wannan ka kai ofis. A ce ga akawu biyu, aikinsu iri ɗaya, albashinsu ɗaya. Na farko shugabansa ya ce masa, "Malam, ga littafin kuɗin kasuwa, ina son ya daidaita kafin ran Alhamis, domin ran Asabar masu binciken kuɗi za su zo. Ka bi yadda ka ga ya fi. In ka sami matsala ka zo mu duba tare." Na biyu kuwa shugabansa ya jefa masa littafin bai ce kome ba. Ya fara, aka ce ajiye, ɗauki wancan. Ya ɗauki wancan, aka ce wa ya sa ka. Ya gama, shugaba ya kai gaba da sunan kansa. Aka sami kuskure, aka ba akawu takardar tuhuma a gaban masinja. Ran tashi kowannensu ya yi awa takwas. Na farko ya koma gida da gajiyar da barci zai ɗauke. Na biyu ya koma da wadda zai sauke a kan matarsa da 'ya'yansa, gobe kuma ya sauke saura a kan talakan da ya zo karɓar rasit. Haka zaluncin ofis guda ke bin gari.

Wani zai ce, "Malam, duk wannan dogon Turanci ne. A ƙara mana albashi kawai ka ga aiki." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu raina ta ba. Mai jin yunwa ba ya jin daɗin kowane aiki, wanda kuwa aka riƙe wa albashi wata biyu ba a yi masa wa'azin himma. Cikin 1913 Henry Ford, mai ƙera motoci a Amurka, ya shigo da tsarin da kowane ma'aikaci zai tsaya wuri ɗaya yana maimaita abu ɗaya yini zubur. Mutane suka riƙa gudu, har sai da kamfanin ya ɗauki mutum fiye da 50,000 cikin shekarar nan don ya riƙe wajen 14,000 a bakin aiki. Cikin Janairun 1914 ya ɗaga ladan yini zuwa dala 5, watau ninki biyu na da, ya rage yinin aiki daga awa 9 zuwa 8. Gudun ya ragu ƙwarai. Lalle kuɗi yana tsai da mutum.

Amma tsayawa dabam, jin daɗi dabam. Cikin 1959 wani malami mai suna Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka buga sakamakon tambayar da suka yi wa injiniyoyi da masu lissafin kuɗi wajen 200 a yankin birnin Pittsburgh na Amurka. Sun ce kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa, da lokacin da ya fi jin haushinsa. Da mutanen suka zo ga haushi, sai suka riƙa ambaton dokokin kamfani marasa kan gado, da mugun shugaba, da yanayin wurin aiki. Da suka zo ga daɗi, sai suka riƙa ambaton ran da suka gama wani abu mai wuya, ran da aka yaba musu, ran da aka danƙa musu amana. Masana sun yi ta gardama a kan wannan bincike, amma abin da ya nuna kowa yana iya gwada shi a kansa. Tambayi tsohon ma'aikaci ranar da ba zai manta ba cikin aikinsa. Ba safai zai ce ranar albashi ba. Albashi kamar gishiri yake a miya: in babu shi ba ta ciwuwa, amma ba a yin miya da gishiri kaɗai.

To, in haka ne, wane ne shugaban kirki? Kada mai karatu ya ce wannan maganar manya ce ba ta shafe shi ba. Helma mai lebura goma shugaba ne. Tela mai yara uku a shago shugaba ne. Mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙodago, da uwargidan da ke da 'yar aiki, duk shugabanni ne, kuma duk abin da za a faɗa ya hau kansu.

Abu na farko, shugaban kirki ya san nauyin abin da yake ɗora wa mutane. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu, sukan yi watanni a hanya, ayarinsu kuwa yana hannun madugu. Madugu ba ya yanka zango bisa ƙarfin dokinsa. Yana duban jakin da ya fi rauni da ɗan alaron da ya fi gajiya, domin ayarin da ya bar rabinsa a daji bai isa ba, ko da madugu ya isa. Masu jakuna kuma sun san ba nauyi kaɗai ke yi wa jaki miki a baya ba, har da kayan da suka rinjayi gefe ɗaya. A wurin aiki ma haka ne. Akwai wata muguwar al'ada ta shugabanni, in sun ga mai himma sai su tara masa kome, su ƙyale raggo don ba su son rigima da shi. Da haka himma ta zama laifin da ake hukunta mutum a kai, ragwanci ya zama hutu. Duk ofishin da aka yi haka shekara biyu, za a wayi gari babu mai himma ko ɗaya.

Na biyu, ya faɗi abin da yake so a fili, da dalilinsa, sa'an nan ya sakar wa mutum hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masinjan da ya shekara goma yana kai takardu ya fi shugabansa sanin hanyar da ta fi kusa da lokacin da ake samun kowa a ofis. Shugaban da ke tsaye a kan ma'aikaci yana gaya masa yadda zai riƙe alƙalami ya ɗauki aikin mutum biyu ya mai da shi na mutum ɗaya, ya kuma koya wa ɗayan kada ya yi tunani. Ko aikin da ba shi da faɗi yana da wurin gayauna. Ana iya barin mai shara ya tsara ta inda zai fara, a bar ma'aikata su shirya juyin hutunsu da kansu, a tambaye su kafin a sāke wata doka da za ta shafe su.

Na uku, adalci, shi ne kuwa uwar sauran. Ma'aikata suna iya jure wa shugaba mai tsanani in tsananinsa ya game kowa. Abin da ba su iya jurewa shi ne a yi laifi ɗaya a hukunta wani a bar wani, ko a ba ɗan ɗaki ƙarin girma a tsallake wanda ya cancanta. Ran da ma'aikaci ya tabbata ƙoƙari ba shi ke kai mutum gaba ba, sai fadanci, ran nan ƙoƙarinsa ya mutu, ko da jikinsa ya ci gaba da zuwa ofis shekara ashirin. Cikin adalci kuma har da jin ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci, da ƙin karɓar tsegumi. Shugaban da ke da ɗan rahoto cikin ma'aikatansa ya raba kansu ke nan, ya kuwa zauna cikin duhu, gama ba mai gaya masa gaskiya kuma.

Na huɗu, ya yaba a fili, ya yi faɗa a ɓoye. Yabon gwani ya zama dole, ba ya cin ko kwabo, amma waɗansu shugabanni suna rowarsa kamar daga aljihunsu zai fita. Suna tsoron in sun yaba yaro zai yi girman kai. Sai ya zama ma'aikaci ba ya jin muryar shugabansa sai ran da ya yi kuskure. In kuwa faɗa ya kama, a kira mutum ɗaki, a nuna masa kuskuren, a bar masa mutuncinsa. Magidancin da aka ci wa fuska a gaban yaransa ba zai tuna da gyaran da aka yi masa ba, cin fuskar kaɗai zai tuna.

Na biyar, ya zama garkuwa. Hausawa sun ce babba juji ne. In abu ya ɓaci, shugaban kirki shi ke tsayawa gaban na sama ya ce laifin ofishina ne, sa'an nan ya dawo ya gyara a cikin gida. In abu ya yi kyau, ya ambaci sunan wanda ya yi. Mugun shugaba yana yin akasin haka, yabo ya tsaya a kansa, zargi ya gangara ƙasa. Cikin zama garkuwa har da nema wa mutanensa kayan aiki da haƙƙinsu a kan lokaci, da hana su aikin da ya wuce ƙima, har da korar mai himma gida in ya ga ya fara cin kansa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda yake duban fuskokin mutanensa kowace safiya zai ga gajiyar rai tun tana ƙarama, tun ana iya maganinta da hutun kwana uku da kyakkyawar magana.

Akwai masu cewa irin wannan shugabanci sakaci ne, mutanenmu sai da bulala. Gaskiya ne tsoro yana sa a yi aiki, amma irin aikin da yake sa a yi shi ne na ganin ido. Mai tsoro yana ɓoye kuskurensa har ya girma, ba ya kawo shawara, yana aiki in ana kallonsa, ya zauna in an juya baya. Shugaban da ke mulki da tsoro ya ɗaure kansa, ba shi da ikon yin tafiya ko kwanciya ciwo. Kuma kada a ɗauka adalci shi ne ƙyale raggo. Ƙyale raggo zalunci ne ga mai himma. Shugaban kirki yana gargaɗi, yana hukunci, har yana sallama in ta kama, sai dai kowa ya san dokar tun da wuri, ya kuma san ba ta zaɓen fuska.

Akwai kuma masu cewa shugaban ma yana da na bisansa, shi ma a matse yake. Wannan gaskiya ne, ya kuwa cancanci tausayi, domin na tsakiya yana shan matsi daga sama da ƙasa, gajiyar rai tana kama shi kamar kowa. Amma a nan ne ake gane mutum. Ba ya iya ƙara albashi, ba ya iya sāke dokar da ta zo daga sama, amma gaisuwa tana hannunsa, da bayani, da sauraro, da raba aiki daidai. Ba wanda ya taɓa hana shugaba ya ce sannu da aiki. Wanda aka mare shi a sama ya sauko ya mari na ƙasa, ya zaɓi haka ne da kansa.

Ma'aikaci fa, ba shi da nasa rabo? Yana da shi. Wajibi ne ya san iyakar ƙarfinsa, ya faɗe ta da ladabi tun kafin ya durƙushe, gama shugaba ba ya sanin gaibu. Wajibi ne kada ya mai da aiki ya zama shi ne rayuwarsa duka, ya bar wa iyali da zumunci da hutu nasu lokaci. Kada kuma ya rama a kan wanda bai yi masa kome ba. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba don a sa mata hannu a takarda ba ita ta hana shi ƙarin girma ba. In wurin ya gagara gyaruwa, ya kuwa sami wata ƙofa, barin aiki da mutunci ya fi zama ana cin albashi ana cutar jama'a. Amma rabon kowa gwargwadon ikonsa ne. Wanda ke da ikon tsara aiki, da raba shi, da yabo, da hukunci, shi ke da babban rabo na alhaki.

Saboda haka in kana son ka san shugaba, kada ka tsaya ga tsabtar ofishinsa ko yawan takardun da suka fita daga hannunsa. Dubi mutanen da suka shekara biyar a ƙarƙashinsa. Sun ƙaru da sani ko sun dusashe? Suna iya gaya masa ya yi kuskure? In ya yi tafiya aikin yana tafiya? Mutanen da aka ba shi amana ne, an ba shi su da lafiyarsu da himmarsu, ya kamata ya mayar da su gidajensu kowace yamma ba tare da ya rage musu ko ɗaya ba. Kai kuma mai karatu, in akwai ko mutum ɗaya da ke jiran umurninka gobe da safe, tambayar nan taka ce. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.